ZAƁEN MAI SA IDO KAN 'YAN SANDA A INGILA: ALKAWARIN ƊAN TAKARA DA IYAKAR IKONSA

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Ingila, domin mu duba wani irin zaɓe wanda yawancinmu ba mu saba jin labarinsa ba, watau zaɓen mutumin da zai riƙa sa ido a kan aikin 'yan sanda a madadin jama'ar yankinsa. Za mu ɗauki yankin West Midlands, inda birnin Birmingham yake, mu dubi zaɓen da aka yi a can ran 2 ga watan Mayu na shekarar 2024, mu ga su wane ne suka tsaya, me suka ce za su fi ba muhimmanci, sa'an nan mu auna alkawaransu da ainihin ikon da doka ta ba kujerar da suke nema.

Tun da farko sai mu kawar da wani ruɗani. Turawa suna kiran mai wannan muƙami Kwamishinan 'Yan Sanda da Laifuffuka, to amma kada mai karatu ya ɗauka irin Kwamishinan 'yan sandan jiha ne da muka sani, mai kaki da anini a kafaɗa. Wannan farar hula ne, ba ya kama kowa, ba ya ba kurtu ko ɗaya umarni. Mai kaki, wanda rundunar take hannunsa, shi ake kira Shugaban Runduna. Shi kuwa Kwamishinan, jama'a ce take zaɓensa duk shekara huɗu don ya tsaya a kan Shugaban Rundunar, ya tambaye shi abin da ya yi da kuɗin jama'a da amanarsu. Don gudun rikicewa, a cikin wannan bayani za mu riƙa ce masa Kwamishinan sa-ido.

Kafin 2012 babu wannan kujera. Kowace runduna daga cikin rundunoni 43 na Ingila da Wales tana ƙarƙashin wata hukuma ce, wadda a yawancin wurare take da wakilai 17: kansiloli tara da waɗansu mutane takwas da aka naɗa, ciki har da alƙalin majistare. Abin da aka yi ta zargin waɗannan hukumomi da shi shi ne cewa ba wanda ya san su. Talaka ba ya iya faɗin sunan shugabansu, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in an zalunce shi.

Mutanen Birmingham sun ɗanɗani abin da irin wannan duhu ke haifarwa. A 2010 mazauna unguwannin Sparkbrook da Washwood Heath, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suka wayi gari suka ga an kafa musu kyamarori fiye da 200 a bakin hanyoyin shiga da fita unguwanninsu, waɗansu a fili, waɗansu a ɓoye, yawancinsu masu karanta lambar mota. An shaida wa kansilolin unguwannin cewa don maganin ɓarayi da 'yan iskan gari aka yi. Daga baya sai ta bayyana cewa kuɗin aikin, kimanin fam miliyan 3, daga asusun yaƙi da ta'addanci aka ciro shi. Ashe unguwanni ne sukutum aka sa wa ido, da mai laifi da marar laifi, da ɗan kasuwa mai zuwa shagonsa da tsoho mai zuwa masallaci. Da hayaniya ta tashi sai aka rufe kyamarorin da jakunkuna, aka kira shugabar wata runduna dabam, Sara Thornton, ta yi bincike, ta fito da rahoto mai zafi, Shugaban Rundunar West Midlands na lokacin, Chris Sims, ya fito ya nemi gafara, kuma a 2011 aka tuttuge kyamarorin ba tare da an yi aiki da su ba. Abin lura a nan shi ne, hukumar nan mai wakilai 17 tana nan zaune lokacin da aka shirya wannan abu, amma ba ita ta tona shi ba. Mazauna unguwa ne da 'yan jarida da waɗansu kansiloli suka yi ta tambaya har gaskiya ta fito.

Gwamnatin David Cameron, da Theresa May a matsayin Ministar Harkokin Cikin Gida, ita ce ta kawo dokar 2011 wadda ta rushe waɗannan hukumomi ta maye gurbinsu da mutum ɗaya zaɓaɓɓe. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce: in mutum ɗaya ne, kowa zai san sunansa, in ya yi sakaci a kayar da shi a akwati. Aka yi zaɓen farko ran 15 ga Nuwamba, 2012, a yankuna 41. Sai dai jama'ar da aka yi abin dominta ba ta fito ba. Kashi 15 cikin 100 kacal na masu rajista suka jefa ƙuri'a, har aka sami wata rumfar zaɓe a birnin Newport na Wales inda malaman zaɓe suka wuni tun safe har dare ba wanda ya leƙo. A West Midlands kashi 12 ne suka fito suka zaɓi Bob Jones na jam'iyyar Leba. Da ya rasu a 2014 aka sake zaɓe a watan Agusta, wanda David Jamieson ya ci, masu jefa ƙuri'a ba su wuce kashi 10 da 'yan kai ba.

To, mene ne a hannun wannan Kwamishina? Shi ne yake rubuta tsarin aikin da rundunar za ta bi a tsawon wa'adinsa, ya ce ga abubuwan da za a sa a gaba. Kasafin kuɗin rundunar ta hannunsa yake bi, kuma shi ne yake yanke abin da za a ɗora wa kowane gida na kuɗin 'yan sanda a cikin harajin gidaje. Gine-ginen rundunar da filayenta da sunan ofishinsa suke. Shi yake raba kuɗi ga ƙungiyoyin da ke taimakon waɗanda aka cuta. Mafi girma duka, shi yake naɗa Shugaban Runduna, kuma yana da ikon ya nemi ya yi murabus. A bayansa akwai wani kwamiti na kansiloli da 'yan ba-ruwanmu aƙalla biyu, wanda yake iya hana ƙarin haraji ko naɗin Shugaban Runduna in kashi biyu cikin uku na wakilansa suka ƙi amincewa.

Amma akwai shingen da ba ya tsallakawa. Ba shi da ikon ya ce a kama wane, ko a saki wane, ko a buɗe bincike, ko a tura 'yan sanda ashirin zuwa kasuwa kaza ranar Asabar. Wannan duka na Shugaban Runduna ne, kuma a cikin rantsuwar da Kwamishinan yake yi ranar kama aiki yana alkawarin ba zai tsoma baki a ciki ba. Wanda ya riƙe wannan shinge a zuciyarsa, shi ne zai iya sauraron 'yan takara da kunnen basira, domin da yawa daga cikin abin da ake faɗa a dandalin neman ƙuri'a yana can ƙetaren shingen.

Wa yake iya tsayawa? A bisa doka kowane baligi mai rajista a yankin, amma sai ya ajiye fam 5,000, waɗanda ba za a mayar masa ba sai ya sami kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u, alhali mai neman kujerar Majalisar Dokokin ƙasa fam 500 yake ajiyewa. Ga shi yankin da faɗi, gidan waya kuma ba ya raba masa takardunsa kyauta gida-gida kamar yadda ake yi wa ɗan takarar majalisa. Sa'an nan duk wanda kotu ta taɓa samu da laifin da hukuncinsa zai iya kaiwa ga ɗauri, ko da ba a ɗaure shi ba, ko da yana yaro ya aikata, to ba shi ba kujerar. A Wiltshire a 2021 sai da aka gama jefa ƙuri'a sa'an nan ta tabbata cewa wanda ya yi rinjaye yana da tsohon laifin tuƙi na kusan shekara talatin, dole aka sake zaɓen a watan Agusta. Tsananin nan yana da kyau a wajen tsare mutuncin kujerar. Tsadar takarar kuwa ita ta cinye manufar da aka faro da ita. An so a ga dattawan gari marasa jam'iyya suna fitowa, kuma a 2012 mutum 12 irinsu suka ci zaɓe. A 2016 suka koma uku. A 2021 ko ɗaya bai tsira ba. A 2024, daga kujeru 37 da aka yi takara a kansu, jam'iyyar Konsabatib ta ɗauki 19, Leba ta ɗauki 17, jam'iyyar Plaid Cymru ta Wales ta ɗauki ɗaya. Kujerar da aka ce ta jama'a ce ta koma hannun jam'iyyu, mutane kuma suna zaɓe ne bisa ga yadda suke ji da gwamnatin Landan, ba bisa ga aikin rundunarsu ba.

Mu koma West Midlands. Yankin ya ƙunshi Birmingham da Coventry da Wolverhampton da Dudley da Sandwell da Solihull da Walsall, jama'arsa sun doshi miliyan 3. Saura ƙiris zaɓen 2024 bai yiwu ba sam. Magajin Garin yankin na lokacin, Andy Street na Konsabatib, ya nemi a haɗe masa ikon Kwamishinan sa-ido da nasa, kamar yadda ake yi a Landan da Manchester da West Yorkshire, kuma Ministan Cikin Gida, James Cleverly, ya amince. Kwamishinan da ke kan kujera, Simon Foster na Leba, wanda aka zaɓa a 2021, ya garzaya kotu. A watan Maris na 2024 Babbar Kotu ta yanke cewa jin ra'ayin jama'a da gwamnati ta yi a gurguje, daga ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Janairu, bai cika sharaɗin doka ba, domin ba a ba mutane isasshen bayanin da za su yi hukunci da shi ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sauya wannan ba. Saboda haka sai da ya rage 'yan makonni sa'an nan aka tabbata za a yi zaɓen, kuma mutum biyu kaɗai suka fito: Foster, lauya wanda ya shafe shekaru da dama yana tsaya wa marasa galihu a shari'o'in gidajen haya, da Tom Byrne na Konsabatib, tsohon ɗan sanda. Mutum miliyan uku, 'yan takara biyu.

Foster ya gina neman ƙuri'arsa a kan farfaɗo da 'yan sandan unguwa, watau waɗanda suke yawo a ƙasa har su san mai shago da limami da shugaban makaranta, da kuma kare mata da 'yan mata daga cin zarafi, da rage sare-sare da soke-soke tsakanin matasa, da kula da haƙƙin wanda aka cuta. Byrne kuwa ya jingina ne da abu biyu: rufe ofisoshin 'yan sanda da aka yi ta yi a yankin, da kuma abin kunyar da ya sami rundunar a watan Nuwamba na 2023, lokacin da hukumar sufetocin da ke binciken aikin 'yan sanda ta ƙasa ta sa ta a cikin jerin rundunonin da ake yi wa kulawa ta musamman saboda gazawa. Dukansu biyu sun ce suna son ƙarin 'yan sanda a titi. Wane ɗan takara ne zai ce ba ya so?

Bari mu fara da wannan alkawari na ƙarin 'yan sanda, tun da shi ya fi daɗin ji. Tsakanin 2010 da 2019, a zamanin tsuke bakin aljihu, rundunar West Midlands ta rasa 'yan sanda fiye da 2,000. Da gwamnati ta kawo shirin ɗaukar sababbi 20,000 a ƙasa baki ɗaya, daga 2019 zuwa 2023, rabon yankin bai wuce kimanin 1,200 ba, watau giɓin bai cike ba. To da me Kwamishina zai cike shi? Kusan kashi huɗu cikin biyar na kuɗin wannan runduna daga baitulmalin Landan yake zuwa, bisa wani lissafi wanda Kwamishina ba shi da hannu a ciki. Ragowar ita ce ta harajin gidaje, kuma nan ma an ɗaure masa hannu: a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 iyakar abin da aka yarda ya ƙara wa matsakaicin gida shi ne fam 13 a shekara. In yana son ya wuce haka sai ya kira ƙuri'ar raba gardama. Mutum ɗaya ya taɓa gwadawa, Olly Martins na Bedfordshire a 2015, ya nemi ƙarin kusan kashi 16 cikin 100 don ya ɗauki sababbin 'yan sanda, jama'a suka ƙi da babban rinjaye, tun daga nan ba wanda ya sake kusantar wannan hanya. Ƙari a kan haka, yawancin gidajen West Midlands suna cikin ƙananan azuzuwan haraji ne, don haka fam 13 a Birmingham ba ta tara abin da take tarawa a yanki mai arziki irin Surrey, inda fiye da rabin kuɗin 'yan sanda daga harajin gidaje yake fitowa. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa wanda bai riƙe jakar kuɗi ba, cinikin da ya ƙulla magana ce kawai. Iyakar gaskiyar abin da ɗan takara zai iya cewa a nan ita ce zai roƙi Landan, zai kuma rarraba ɗan abin da ke hannu da hikima.

Zancen ofisoshi dabam yake, domin wannan kam yana hannun Kwamishina, tun da gine-ginen nasa ne. A nan Byrne ya taɓa abin da ke damun mutane da gaske. Ofishin 'yan sanda a unguwa, ko da mutum bai taɓa shiga ba, ganin fitilarsa a kunne yana kwantar da hankali, kuma tsoho wanda bai iya kai ƙara ta intanet ba yana bukatar teburin da zai je ya tsaya. Amma amsar ɗaya ɓangaren ita ma ba ta banza ba ce: yawancin masu kai ƙara yanzu ta waya suke yi, waɗansu gine-ginen sun tsufa suna cin kuɗin gyara da na wuta, kuma kowane fam da aka kashe a kan rufin kwano an hana shi albashin kurtu. A ganina wannan ita ce muhawara ta gaskiya guda ɗaya da aka yi a zaɓen, domin ita ce kaɗai wadda wanda ya ci zai iya zartarwa da sa hannunsa, kuma ita ce take da farashi a fili. Mai cewa ba zai rufe ofis ko ɗaya ba, ya kamata a tambaye shi 'yan sanda nawa zai haƙura da su. Mai cewa zai sayar da gini, a tambaye shi ina tsohuwar unguwar za ta kai kukanta.

Batun wuƙaƙe ya fi kowanne ɗaci. A 2023, in aka auna da yawan jama'a, West Midlands ce ta fi kowane yanki a Ingila da Wales yawan laifuffukan da aka yi da wuƙa, har ta ɗara Landan. Iyaye suna binne 'ya'ya 'yan shekara goma sha. Amma haramta sayar da wani nau'in makami aikin Majalisar Dokoki ne, kamar yadda aka haramta waɗansu manyan wuƙaƙe a 2024 da wani irin takobi a 2025. Tsayar da matasa a titi a caje su kuwa hukuncin Shugaban Runduna ne da jami'ansa. Abin da ya rage wa Kwamishina shi ne ya zuba kuɗi a ayyukan jan hankalin matasa tun kafin su ɗauki wuƙa, sa'an nan ya riƙa neman lissafi: mutum nawa aka caje, a wace unguwa, 'yan wace al'umma, kuma a cikinsu nawa aka samu da makami? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce ga birni irin Birmingham, inda ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna Musulmi ne, kuma inda ba a manta da kyamarorin 2010 ba. Aiki ne marar armashi, na karanta rahoto da zaman taro da maimaita tambaya har a gaji da mutum, ba ya kuma shiga takardar neman ƙuri'a da kyau. Amma shi ne ainihin aikin kujerar.

Haka ma abin da sufetoci suka gano a 2023. Ba ƙarancin motoci ko ofisoshi suka kama rundunar da shi ba. Cewa suka yi ba ta gudanar da bincike yadda zai kai ga sakamako ga wanda aka cuta, ba ta lura sosai da masu laifin lalata da aka saki suna zaune cikin jama'a, ba ta hanzarta a kan masu cutar da yara ta intanet, kuma tarurrukan da ake yi don kare matan da ake duka a gidajensu suna da rauni. Foster ya nuna rashin amincewarsa da matakin, abokan hamayyarsa suka ce a gabansa abin ya lalace. An fitar da rundunar daga wannan jeri a watan Satumba na 2024. Ko yabon na Shugaban Runduna ne ko na Kwamishina, mai jefa ƙuri'a ba shi da ma'aunin da zai raba, kuma wannan shi ne babban raunin tsarin: an ce ka hukunta mutum a kan sakamakon aikin da ba shi yake yi da hannunsa ba.

Da aka ƙirga, Foster ya ci da ƙuri'a sama da 327,000, Byrne ya sami sama da 241,000, waɗanda suka fito kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba, duk da cewa an haɗa zaɓen da na Magajin Gari. A wancan kuwa Richard Parker na Leba ya kayar da Andy Street da ratar ƙuri'a 1,508 tak. Da kotu ta bar haɗewar ta tabbata, da wannan 'yar rata ce za ta yanke wanda zai riƙe linzamin 'yan sandan mutum miliyan uku, a zaɓen da aka fi yin gardamar motocin haya da gidaje da ma yaƙin Gaza.

Saura ikon nan mafi girma, na sallamar Shugaban Runduna. A South Yorkshire, Kwamishina Alan Billings ya tilasta wa David Crompton barin aiki a 2016, bayan binciken mutuwar 'yan kallon ƙwallo a filin Hillsborough, amma a 2017 kotu ta ce matakin ya saɓa wa doka. A wannan yanki dai, a 2014, bayan rahoton cin zarafin yara a garin Rotherham, kowa daga Firayim Minista har jam'iyyarsa ya nemi Kwamishina Shaun Wright ya sauka, tun da shi ne kansilan da ke kula da sha'anin yara a garin a wani ɓangare na shekarun da abin ya faru, sai aka tarar babu mai ikon tsige shi. Sai da ya ga dama, bayan makonni uku, ya ajiye. Mai sa ido, ashe shi ma yana bukatar mai sa masa ido. A West Midlands kanta an ga wannan iko a kan ma'auni a watan Janairu na 2026, bayan rikicin hana magoya bayan ƙungiyar Maccabi Tel Aviv halartar wasansu da Aston Villa a Nuwamban 2025, da aka gano kurakurai a bayanan da 'yan sanda suka kafa hujja da su. Ministar Cikin Gida, Shabana Mahmood, wadda ita ma wakiliyar wata mazaɓa ce a Birmingham, ta faɗa wa Majalisa cewa ta daina amincewa da Shugaban Runduna Craig Guildford, amma doka ba ta ba ta ikon cire shi ba, ikon yana wurin Foster. Kafin a kai ga nan, Guildford ya yi ritaya. Waɗansu sun ga jan ƙafa a wajen Kwamishinan, waɗansu sun ga bin ƙa'ida. Ko ma wanne ne, ranar nan mutane da yawa suka fara sanin cewa ƙuri'ar da suka ƙi fita jefawa a 2024 tana da nauyi.

Dattawa daga cikin masu karatu za su tuna cewa mu ma mun taɓa zama da 'yan sanda na gida, 'yan dokan En'e, waɗanda aka haɗe da rundunar tarayya a zamanin mulkin Janar Gowon, kuma babban abin da aka zarge su da shi shi ne zama sandar dukan 'yan adawa a hannun masu mulki. Masu muhawarar 'yan sandan jihohi suna yawan tsayawa a kan wa zai mallaki rundunar. Labarin Ingila yana nuna cewa ko an raba mai biyan kuɗi da mai ba da umarni, kamar yadda suka yi da shingen nan nasu, sauran aiki yana nan, watau samun jama'ar da za ta kula ta tambaya.

Ran 13 ga Nuwamba, 2025, kusan shekara 13 cif bayan zaɓen farko, gwamnatin Leba ta sanar cewa za a soke kujerar Kwamishinan sa-ido idan wa'adin masu ci ya ƙare a 2028. Hujjarta ita ce mutane ƙalilan ne suke fita zaɓen, ƙalilan ne suka san sunan nasu Kwamishinan, kuma za a tsimi kimanin fam miliyan 100, a mayar da wani kaso ga 'yan sandan unguwa. Bisa shirin, ikon zai koma hannun Magajin Gari a inda ake da shi, a sauran wurare kuwa ga kwamitin shugabannin ƙananan hukumomi. Ba na jin kujerar ta cika alkawarin da aka kafa ta a kansa, alƙaluman fitowa zaɓe sun isa shaida. Amma maganin da aka kawo yana da nasa ciwon. Magajin Gari yana da sufuri da gidaje da neman masu zuba jari a kansa, don haka a Landan da Manchester mataimaki yake naɗawa ya riƙe masa sha'anin 'yan sanda, mutumin da ba wanda ya jefa wa ƙuri'a a kan wannan aiki. Kwamitin shugabannin ƙananan hukumomi kuwa ya yi kama ƙwarai da hukumar nan mai wakilai 17 wadda take zaune lokacin da aka kafa kyamarori a Sparkbrook. In shirin ya tabbata, zaɓen 2 ga Mayu, 2024, shi ne na ƙarshe irinsa a West Midlands, kuma haɗewar da Simon Foster ya je kotu ya hana a hannun Konsabatib, jam'iyyarsa ce za ta zartar da ita.